In Hankalin Abokin Aure Ya Taɓu, Wa Za A Kai Wa?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki wanda ya ƙawata ɗan Adam da hankali, ya kuma sanya shi sharaɗin ɗora masa hukunci. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, daga cikin tambayoyin da suke iso wa malamai akwai wata wadda masu ita ba su cika yin ta a bainar jama'a ba. Mutum yakan dakata har a tashi daga karatu, zaure ya yi sarari, sa'an nan ya matso ya rage murya. Wani zai ce iyalinsa ta yi mako biyu ba ta runtsa ba, tana amsa wa muryoyin da babu mai jin su sai ita, ta kuma daina cin abincin gidan domin ta haƙiƙance an zuba mata wani abu a ciki. Wata kuwa wanta za ta aiko, ya ce mijinta, mutumin da aka sani da tsimi da tanadi a kasuwa, cikin 'yan kwanaki ya rarraba jarinsa ga waɗanda bai sani ba, ba ya barci, ba ya gajiya da magana, yana cewa an zaɓe shi ga wani babban al'amari. Akwai kuma ma'aikacin da ya daina zuwa ofis, ya kulle kansa a ɗaki, ba wanka ba aski, in an matsa masa sai ya ce mutuwarsa ta fi rayuwarsa amfani. Ƙarshen maganar duka ɗaya ne: "Allah gafarta Malam, wa za mu kai wa?"

Tambayar ta fi yadda ake zato nauyi, domin hannun da ya fara karɓar irin wannan majinyaci shi ne sau da yawa yake yanke ko watanni za a yi ana jinya ko shekaru. Likitoci sun lura cewa gwargwadon daɗewar da ciwon ya yi ba a fara masa magani ba, gwargwadon wahalar da za a sha kafin mai shi ya dawo daidai. Mu kuwa abin da muka saba shi ne ɓoyewa. A ce ta tafi ganin gida, a ce ya yi tafiya, a yi ta zagaye tsakanin wannan mai magani da wancan, sai kuɗi sun ƙare jiki ya lalace sa'an nan a tuna da asibiti.

Farko dai mu tsai da matsayin mai wannan lalura a Shari'a. Hadisin da Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito ya sanya wanda hankalinsa ya gushe cikin mutum uku da ba a rubuta musu laifi, tare da mai barci da yaron da bai balaga ba. Saboda haka zagin da ta yi wa surukarta cikin ciwo ba rashin tarbiyya ba ne, kuma sakin da ya furta alhali hankalinsa ba ya jikinsa bai auku ba. A mazhabarmu ta Malikiyya hauka yana cikin aibobin da ke ba da zaɓin raba aure, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani, amma a Muhtasar na Shehu Halilu da sharhohinsa akwai ƙarin bayani mai amfani. In lalurar ta sami miji bayan ɗaurin aure, matar tana da damar kai kukanta gaban alƙali, sai dai alƙali ba ya raba su nan take, yakan yanka wa'adin shekara guda domin a nemi magani. In kuwa matar ce ciwon ya sama bayan ɗaurin aure, to mijin ba shi da zaɓin mayar da ita saboda aibi. Jarrabawa ce ta sauka a gidansa, ci da sha da sutura da wurin kwana suna nan a wuyansa.

Jama'a su dubi wannan shekara guda da idon basira. Ba a yanka wa'adi ga abin da aka fid da tsammaninsa. Malaman fiƙihunmu sun ɗauki taɓin hankali a matsayin ciwo mai karɓar magani, suka kuma ba ma'aurata damina da rani da hunturu cur domin su nema. Wanda ya sallami matarsa cikin makon farko, ya ce iyayenta su ji da ita, to ya yi gaggawar da alƙali ma bai yi ba.

Har ila yau wasu suna ɗaukan cewa kai mai taɓin hankali wurin likita al'adar Turawa ce, Musulmi ba su san ta ba. Tarihi bai goyi bayansu ba. Asibitin da Ahmad ɗan Ɗulun ya gina a Masar wajen shekarar 872 yana karɓar masu wannan ciwo, haka ma babban asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a shekarar 1284. A Ƙairawan, garin mai Risala, likita Is'haƙu ɗan Imrana ya wallafa littafi sukutum a kan ciwon baƙin ciki tun ba a haifi mai Risalar ba. Abu Zaid Albalkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya kasa baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, wannan nasiha da gyaran tunani ne maganinsa, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, wannan asalinsa daga jiki yake, kuma ta jiki ake yi masa magani. Wannan rabon na Albalkhi, in an duba, shi ne ginshiƙin abin da za mu faɗa game da masu aikin a yau.

Masu aikin ba ɗaya ba ne

Matakin farko shi ne a tabbatar ko ciwon daga ƙwaƙwalwa yake ko kuwa wani ciwon jiki ne ya taɓa ta. Zazzaɓin taifot, da zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, da sanƙarau, da farfaɗiya, da ciwon da ya shafi maƙoƙo, duk suna iya sa mutum sambatu da ruɗewa. Haka ma wiwi da ƙwayoyi irin su tiramadol, kuma kada maigida ya yi saurin rantsuwa cewa a gidansa ba a sha, domin likita ba don cin mutunci yake tambaya ba. In ruɗewar ta zo farat ɗaya tare da zafin jiki, ko suma, ko sanƙarewar wuya, to asibitin da ya fi kusa za a nufa a ranar.

In an kawar da waɗannan, wanda ya kamata ya riƙe ragamar jinyar shi ne likitan ƙwaƙwalwa, watau likitan da ya yi karatun likita na shekara 6, ya yi aiki, sa'an nan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa a kan cututtukan hankali kaɗai. Shi ne mai gane wane iri ne, ya rubuta magani, ya kwantar in kwantarwa ta kama. Manyan cututtukan da muke magana a kansu su ne wanda suke kira sikizofireniya, mai sa jin muryoyi da mugun zargi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2022 cewa yana samun kusan mutum 1 cikin 300. Da mai juyi biyu da suke kira baifola, yau zumuɗi da ɓarnar dukiya, bayan wani lokaci ƙunci da kwanciya. Da ƙuncin rai mai tsanani. Da wanda ke zuwa wa mace bayan haihuwa. Waɗannan ba su jin lallashi kaɗai, suna bukatar magani na sha ko allura. Magungunan kuwa sun daɗe a hannun likitoci: litiyam tun 1949 aka gano amfaninsa a Ostireliya, wanda aka fi sani da Largactil kuma an fara aiki da shi a Faransa a 1952, bayansu an sami wasu da dama.

Na biyu shi ne masanin halayyar ɗan Adam wanda ya ƙware a aikin asibiti. Shi ba ya rubuta magani, aikinsa zama da majinyaci ne, mako bayan mako, yana koya masa yadda zai gane alamun dawowar ciwo, yadda zai yi da tunanin da ke damunsa, yadda zai koma kasuwa ko ofis ba tare da kunya ta kashe shi ba. Yakan kuma zauna da miji da mata tare. Amfaninsa babba ne, amma a irin waɗannan cututtuka yana zuwa ne tare da likita, galibi bayan ƙura ta lafa. Wanda yake tsakiyar jin muryoyi ba ya cikin halin da zai amfana da doguwar hira. Bayan waɗannan akwai nas-nas da suka yi kwas na musamman a wannan fanni, waɗanda a garuruwa da yawa su ne ke riƙe da aikin yau da kullum, da kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a masu bin lamarin gida da wurin aiki.

Akwai asibitocin wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa kuma, kamar na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jos, suna da sashen ƙwaƙwalwa, kuma wasu iyalai sun fi samun sauƙin shiga nan domin ƙofa ɗaya ce da ta mai ciwon ciki da mai hawan jini. Gaskiya ce masu aikin sun yi kaɗan ƙwarai. Ƙungiyar likitocin fannin ta sha faɗi cewa adadinsu a Nijeriya bai kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Ke nan za a yi layi, za a yi sammako, wata rana a je a tarar likita ya yi tafiya. Wannan giɓin ne ya buɗe kasuwa ga waɗanda suka yi kwas na 'yan makonni suka hau Facebook da WhatsApp suna kiran kansu ƙwararru, da mai kemis wanda zai danna wa majinyaci allurar barci ya ce an gama. Barci ba waraka ba ne. Kowane likita yana da rajista da lasisin shekara-shekara daga Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, kuma ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin cewa neman ganin takarda ba raini ba ne. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah suka fitar cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin likitanci ba, to lamunin ɓarnar da ya yi yana kansa. In Shari'a ta ɗora masa lamuni, mu ma ta ɗora mana bincike kafin mu miƙa masa amanarmu.

Yadda ake gane hannu nagari

Ɗan kasuwa yakan gane mai sayen da ya san kaya tun daga yadda yake juya su kafin ya taya. Haka likita. Nagari ba ya gaggawar ɗauko alƙalami. Zai tambayi yaushe abin ya fara, me ya gabace shi, an haihu kwanan nan ne, akwai mai irin wannan a dangi, yaya barci, yaya cin abinci, ko majinyacin ya taɓa maganar halaka kansa. Zai saurari majinyacin da kansa, ba wanda ya kawo shi kaɗai ba, ya kira shi da sunansa, ya dube shi yayin da yake magana. In aka shiga aka fito cikin minti biyar a zuwan farko da doguwar takardar magani ba tare da wani bayani ba, to a koma a nemi bayanin, in ba a samu ba a nemi wani.

Kada nauyin baki ya hana abokin aure tambaya. Ya ce, "Likita, mene ne sunan wannan ciwo? Maganin nan tsawon wane lokaci za a sha, kuma yaushe za mu fara ganin sauƙi? Me zai iya jawowa a jiki? In abin ya tashi da tsakar dare ina za mu nufa? In ba ka nan wa za mu gani?" Wanda ya san aikinsa yana jin daɗin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ɗaure fuska saboda su, ko ya yi alkawarin warkewa kwata-kwata cikin kwana kaza, a yi hattara da shi, domin mai gaskiya zai ce wasu suna warkewa sarai, wasu kuwa za su daɗe suna shan magani kamar mai ciwon sukari, suna kasuwancinsu suna renon 'ya'yansu.

Batun illar magani yana bukatar a tsaya a kansa, domin a nan ne jinya da yawa take wargajewa. Wasu daga cikin magungunan suna kawo taurin wuya da karkarwar hannu da dalalar miyau, wasu yawan barci da ƙiba, wasu ɗaukewar haila ga mace ko raunin sha'awa ga namiji. Wannan na ƙarshe kunya takan hana a faɗa, sai mutum ya daina shan magani a ɓoye, bayan wata biyu ko uku ciwo ya dawo, dangi su ce ai maganin asibiti ba ya yi. Alhali da an gaya wa likita da ya rage, ko ya canja, ko ya ƙara wani mai kashe illar. Ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya akwai allurar da ake yi bayan 'yan makonni. Macen da ke da ciki, ko take shayarwa, ko ake fatan ta samu, lalle ne a faɗa tun farko, domin akwai magunguna, kamar Epilim, masu cutar da ɗan tayi. Kada kuma a tsai da magani da ka don an ga ciki, a koma wurin wanda ya rubuta.

Magidanta da yawa sukan ce su sai likita mace. Wannan shi ya fi in an samu, kuma a tambaya, domin akwai su. In ba a samu ba, malamai sun halatta mace ta je wa likita namiji saboda lalura. Abin da muke jan hankalin 'yan'uwa a kai shi ne kada miji ya kafe cewa sai yana zaune daga farko har ƙarshe. Akwai abin da mace ba za ta iya faɗa a gaban mijinta ba, ko don kunya, ko don maganar ta shafe shi, ko ta shafi mahaifiyarsa ko abokiyar zamanta. A nemi nas mace ta zauna, shi ya jira a waje, in an gama a kira shi. Ta haka an kauce wa keɓancewa, an kuma ba ta damar buɗe cikinta. Haka nan harshe: ciwon da da magana ake gane shi yana bukatar mai jin Hausa sosai. In sai da tafinta, to kada ya zama ɗan cikinta, kada kuma ya zama wanda take zargi.

Sai maganar addini. Likitan da ya dace da gidan Musulmi ba sharaɗi ba ne ya zama Musulmi, sharaɗin shi ne ƙwarewa da amana da girmama abin da majinyaci ya yi imani da shi. Ba zai yi dariya ba in ta ambaci aljanu, ba zai kuma ɗauki tashin dare da yawan zikiri a matsayin alamar ciwo ba sai ya tambayi iyali ko haka mutumin yake tun da. Ya kamata ya iya bambance mai tsoron Allah da wanda waswasi ya kama har yana maimaita alwala sau goma yana kuka.

Ina matsayin ruƙiyya?

Babu Musulmin da zai musa samuwar aljanu ko sihiri, Alƙur'ani ya ambace su. Amma cewa wance aljani ne ya shige ta, ko wane sammu aka yi masa kuma ga wadda ta yi, wannan da'awa ce a kan gaibu, mai yin ta yana bukatar hujja, kuma ba mu ga mai kawo ta ba. Ruƙiyya halal ce matuƙar babu shirka a cikinta, kamar yadda hadisin Aufu ɗan Maliku a Sahihu Muslim ya nuna, kuma mafi albarkarta ita ce wadda abokin aure zai yi da kansa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ita ce take karanta wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Falaƙi da Nasi a ciwonsa na ƙarshe. Addu'a da ƙwayar magani ba kishiyoyin juna ba ne, a yi tofi a kuma sha magani a kan lokaci.

Wanda za a guje wa a bayyane yake. Duk mai cewa a ajiye maganin asibiti domin yana ƙara wa aljani ƙarfi. Mai dukan majinyaci da sunan aljanin yake duka, alhali fatar matarka ce take fashewa. Mai turara barkono a rufaffen ɗaki. Mai keɓewa da matar aure ya ce muharrami ya tsaya a waje. Mai nuna kishiya ko uwar miji ya ce ita ce, ya bar gida da gabar da za ta fi ciwon daɗewa. Irin wannan garin neman gira yake sa a rasa ido. Ba mu manta ba a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum wajen 300, da yawansu da mari a ƙafa, bayan haka aka gano wasu gidajen a wasu garuruwa. Mafi yawan waɗanda ke ciki danginsu ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya. Turu da mari ba su taɓa warkar da kowa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa na mutunci da kariya daga azabtarwa.

Malami nagari kuwa abokin aikin likita ne. Dokta Tijjani Almahi na Sudan, wanda ya rasu a 1970, da Farfesa Adeoye Lambo wanda ya fara tsarin jinya a ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954, duka sun jawo masu maganin da jama'a suka yarda da su cikin aikinsu maimakon su kore su. A shekarar 2020 Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda masu maganin gargajiya da na addini suka haɗa hannu da ma'aikatan lafiya, aka ga majinyatansu sun fi samun sauƙi bayan wata 6. Limamin da zai ce wa magidanci, "Zan zo in yi mata addu'a, amma gobe da safe ka kai ta asibiti," ya yi aikin malanta na gaske.

Akwai halin da ba a jiran shawarar dangi. In majinyaci ya ambaci kashe kansa, ko ya ɗauki makami, ko ya daina ci da sha, a tafi da shi nan da nan, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da fiya-fiya da shinkafar ɓera da wuƙaƙe da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai. Tambayarsa kai tsaye ko yana wannan tunani ba ta dasa masa shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Haka mai jegon da ta rikice, abin da ke samun mace 1 ko 2 cikin 1,000 kuma yakan fara cikin mako biyun farko: kada a bar ta da jariri ba mai ido a kansu, kada kuma a tsaya sai an yi arba'in. Wannan nau'in yana cikin masu saurin jin magani.

In ya ƙi zuwa fa? Mai wannan ciwo galibi ba ya ganin kansa mara lafiya, gardama da shi kan muryoyin da yake ji ɓata lokaci ne. A shigo masa ta abin da shi kansa yake kuka da shi, kamar rashin barci ko ciwon kai, a kuma nemi wanda yake jin nauyinsa, baffa ko kawu ko amini, ya raka shi. Abokin aure yana iya fara zuwa shi kaɗai ya yi wa likita bayani ya karɓo shawara. Zuba magani cikin abinci a ɓoye kuwa ba shawara ba ce, domin ranar da mai zargin guba ya gano, ba zai ƙara yarda da ƙwaryar gidan ba.

Kuɗi kuma sai an yi musu tsari, domin jinyar ba ta mako guda ba ce. Mashhurin zance a littattafanmu na da shi ne kuɗin magani ba ya cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji, amma an ruwaito daga Ibn Abdil Hakam, ɗaya daga manyan Malikawan Masar, cewa ladan likita da magani suna kansa, kuma Shaihu Wahbatuz Zuhaili daga malaman wannan zamani ya rinjayar da wajabcin, ganin cewa magani a yau ya zama kamar abinci. Wannan shi muke gani daidai. A ware kuɗin magani daga albashi ko riba tun farkon wata, in an gaza a gaya wa likita ya rubuta mai rahusa, a kuma sani majinyaci matalauci yana cikin masu cin zakka. In maigida ne ya kwanta, danginsa su tsare masa jari da rumfa da shaidu da rubutu, in ta kama a je gaban alƙali ya naɗa mai kula da dukiyar har ya warke. In ma'aikaci ne, a kai takardar likita ofis da wuri, kada a rubuta shi cikin masu gudun aiki a kore shi yana kwance.

A ba magani lokaci, domin wasu sai bayan makonni suke nuna aikinsu, kuma yawan canja likita yana mai da jinya baya. Amma in watanni sun shuɗe ba canji, ko ana kuka da illa ba a saurara, neman ganin wani likitan ba cin amana ba ne. A tafi da kati da sunayen duk magungunan da aka sha.

Likita yana ganin majinyaci na ɗan lokaci ne a wata, sauran kwanakin a hannun gida yake. Binciken da George Brown da abokansa suka yi a Ingila, wanda suka bayyana a 1972, ya nuna cewa waɗanda suka koma gidajen da ake yawan kushe su da tsangwama sun fi saurin komawa ciwo. Gorin "mahaukaciya", da yi masa magana kamar yaro a gaban 'ya'yansa, da sa ido har numfashi, duk suna rushe abin da magani ya gina. Mai jinya shi ma mutum ne, a karɓe shi ya huta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma in shi ma barci ya fara ƙaurace masa ya faɗa wa likitan.

Game da ibada, sallolin da lokacinsu ya fita alhali hankali ba ya jiki babu ramuwarsu. Azumi kuwa a mazhabar Malik ana rama shi bayan an warke. Wanda ya sami sauƙi yana kan magani, kafin Ramadan ya kama ya je ya tambayi likitansa ko za a iya mayar da shan maganin zuwa sahur da buɗa-baki. Mai shan litiyam musamman ƙishirwa mai tsanani tana iya cutar da shi, ga kuma raguwar barci a wannan wata tana tayar wa wasu da ciwo. In likita amintacce ya ce azumin zai cutar, to rangwamen da Allah ya yi wa mara lafiya a Suratul Baƙara ya haɗa da shi, ya sha, ya rama a kwanakin da jiki ya ba da dama.